Hannu ɗaya ya motse: hoton MRI za a fara, ko gwajin jijiya?

Uwarsa ce ta fara lura, wajen cin tuwon dare. Yaron ɗan maƙwabcinmu ne, shekararsa 18, yana koyon ɗinki a bakin kasuwa. Ta ga yana yankar loma da ƙyar, yatsun hannun damansa ba sa haɗuwa yadda suka saba, sai ta kamo hannun ta juya shi a hasken fitila. Tsakanin babban yatsa da manuniya, inda ya kamata a ga tudun nama, rami ne. Gefen tafin hannun ta wajen ƙaramin yatsa ya shafe. Ba ciwo, ba kumburi, bai faɗi ba, ba a buge shi ba. Da aka matsa masa da tambaya ya ce tun hunturun bara almakashi ke gagararsa da sassafe, sai rana ta ɗaga sannan hannun ya ɗan saki. Ya yi shiru ne don kada maigidansa ya ɗauka lalaci ne.

An yi na gida wata biyar, mai ɗori ya murza ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya. Daga baya aka je asibiti, aka rubuta musu abu biyu: hoton MRI na wuya, da gwajin jijiya da tsoka wanda ake kira EMG. Kuɗin da uban ya iya haɗawa na guda ɗaya ne, sai ya zaɓi hoton, don a ganinsa shi ne babba. Suka yi tafiya, suka biya, sakamako ya fito cewa ba a ga komai ba. Ranar da ya kawo mini takardar ya zauna a kan dakali ya ce, "Malam, in injin da ya fi kowanne bai ga komai ba, to ai wannan ba na asibiti ba ne." Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta wannan bayani, domin hannun yaron na asibiti ne, kuma injin bai yi ƙarya ba. Tambayar da aka yi masa ce ba ta cika ba.

Kafin tsoka ta motsa, umarni na fitowa daga ƙwaƙwalwa ya sauko cikin laka, wato igiyar nan mai taushi da ke cikin ƙashin baya. A gaban lakar akwai wasu ƙwayoyi masu karɓar umarnin su tura shi waje ta saiwar jijiya, jijiyar ta bi kafaɗa, ta bi hannu, har ta isa tsoka. Tsokar da saƙo ya daina isa gare ta ramewa take yi. Matsalar tana iya zama a ƙwayoyin laka, ko a saiwa, ko a mahaɗar jijiyoyi da ke tsakanin wuya da hammata, ko a jijiya guda can ƙasa, ko a tsokar kanta. A ido duk kama ɗaya suke yi: hannu ya motse. Idan fitilar ɗaki ta ƙi kamawa, mai gyaran wuta mita yake ɗauka ya bi layin, ya ga inda wuta ta tsaya. Wannan shi ne aikin gwajin jijiya. Hoton MRI kuwa kamar fasa silin ne a leƙa a ga abin da ya danne wayar. Sai dai kafin ka fasa, ya kamata ka san silin wane ɗaki za ka fasa.

Gwajin jijiya kashi biyu ne, kuma a zama ɗaya ake yin su. A kashi na farko ana manna wasu 'yan faifai a kan fata, a ɗora wani abu mai baki biyu a kan jijiya a wuyan hannu, sannan a gwiwar hannu, a saki 'yar wuta kaɗan. Za ka ji fizga, yatsa ya zabura da kansa. Injin yana auna abu biyu: saurin tafiyar saƙo, da girman amsar da tsoka ta bayar. A hannun mai lafiya saƙon na gudun mita 50 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, a ƙafa kuma mita 40 ko fiye. Idan rigar jijiya ce ta lalace, gudun ne ke raguwa. Idan zaren cikinta ne suka mutu, gudun na iya zama kusan daidai amma amsar ta yi ƙasa. Ana gwada jijiyar motsi daban, jijiyar ji daban, kuma a nan ne babban amfanin yake, zan dawo kansa.

Kashi na biyu shi ne na allura, wanda mutane suka fi tsoro. Siririya ce, ba a zuba magani ta cikinta, ba a jan jini, kuma sabuwa ake buɗewa kowane mutum. Ana soka ta cikin tsoka, injin ya mayar da wutar da tsokar ke fitarwa ta zama zane a allo da sauti a lasifika. Na raka yaron nan daga baya, ranar da aka yi masa nasa, kuma sautin ne ya tsaya mini a rai. Tsoka mai lafiya in tana hutawa shiru take yi. Da aka soka allurar a ramin nan na kusa da babban yatsansa, ba tare da ya motsa ba, sai muka ji ɗis, ɗis, ɗis a jere kamar farkon yayyafi a kan rufin kwano. Wannan kukan zaren tsoka ne da jijiyarsu ta rabu da su. Likitan ya ce, "Samari, ɗan matsa yatsana." A tsoka mai lafiya nan take sautin ke cika ɗaki kamar ruwan sama mai ƙarfi, don ƙwayoyi da yawa ne ke aiki tare. Nasa kuwa bugu ne ɗai-ɗai masu nauyi kamar ganga, alamar ƙwayoyi kaɗan ne suka rage, kowacce ta ɗauki aikin 'yan'uwanta da suka mutu. Da a ce ciwon na tsokar ne ita kanta, akasin haka za a ji: ƙananan sautuka masu yawa, da ƙaramin yunƙuri.

To, ga abin da wannan gwaji ke iya faɗa wanda hoto ba zai taɓa faɗa ba. Ƙwayoyin jijiyar ji ba a cikin laka suke zaune ba, suna cikin wani ɗan ƙulli ne a gefenta. Saboda haka idan tsoka ta rame amma jijiyoyin ji suka amsa lafiya lau, hankalin likita zai koma can sama, wajen laka ko saiwa. Idan kuwa amsar ji ita ma ta faɗi, ɓarnar a waje take, a mahaɗar kafaɗa ko a jijiyar hannun, kuma hoton wuya ba zai nuna ta ba ko sau nawa aka ɗauka. Mutum nawa ne aka tura hoton wuya alhali jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu ce ta matse, wadda in ka buge ta kake jin tsirr har ƙaramin yatsa? Gwajin jijiya na kama wannan cikin rabin awa, ya nuna daidai inda saƙon ke tsayawa.

Abu na biyu, allura na gano ciwo a inda ido bai gani ba. Likitan da ya san aikinsa ba zai tsaya a hannun da ya rame ba. Zai soka a ɗaya hannun, a ƙafa, a tsokar gefen ƙashin baya, wani lokaci har a ƙarƙashin haɓa. Dalili kuwa shi ne akwai muguwar cutar ƙwayoyin motsi da ake kira ALS, wadda kan fara da hannu ɗaya sannan ta bazu ko'ina, kuma an fi ganinta a waɗanda suka manyanta. Idan ɓarnar ta tsaya a tsokokin da sashe ɗaya na lakar wuya ke ciyarwa, labari ne daban da in an same ta a ƙafa da baya da harshe. Har tsarin ramewar tafin hannu na da magana: a ALS tudun babban yatsa ne ya fi shafewa, a ciwon samarin da zan yi bayani kuma gefen ƙaramin yatsa ne. Akwai kuma wata cuta da garkuwar jiki ke toshe saƙo a tsakiyar jijiyoyin motsi, ji na nan daram, hannu na ramewa. A ido tana kama da ALS, amma tana jin magani, ana ƙarin ruwan garkuwa ta jijiyar jini mutum ya samu ƙarfi. Hoton wuya ba ya ganinta. Gwajin jijiya ne ke nuna inda saƙon ya toshe.

Raunin gwajin a bayyane yake. Yana faɗin inda wuta ta yanke, ba ya faɗin abin da ya yanke ta. In ya ce ɓarnar tana ƙasan lakar wuya, ƙari ne, ko ruwa ne ya taru a tsakiyar laka, ko ƙashi ne ya tsiro ya danne, bai sani ba. Kuma gwaji ne da ya dogara kacokan ga hannun mai yi, shi ke zaɓen tsokar da zai soka, shi ke fassara sautin nan take, babu wani faifai da za a kai wa wani ya sake dubawa yadda ake yi da hoto. Wanda aka yi wa kashi na farko kawai ba a sa allura ba, rabin aiki aka yi masa, kuma a ramewar tsoka rabin da aka bari shi ne mafi muhimmanci. Sanyi ma na ɓata sakamako, don jijiya mai sanyi a hankali take gudu, shi ya sa ake ɗumama hannu ya kai wajen digiri 32 kafin a fara. Mai zuwa gwajin da hunturu ya rufe hannunsa, kada ya shafa mai ko basilin ranar, kuma in yana shan maganin tsinka jini ya faɗa.

MRI kuwa maganaɗisu ne mai ƙarfi, ba ya amfani da hasken da ake hoton ƙashi da shi. Mutum zai kwanta a tura shi cikin wani bututu, injin ya yi ta ƙara kamar ana buga ƙarfe na tsawon minti 20 zuwa 45, kuma dole ya tsaya cik. Ba zafi, sai ƙunci ga mai tsoron matsatsen wuri. Abin da yake nunawa babu na biyunsa a kai: lakar kanta, kaurinta, ruwan da ke kewaye da ita, faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwa, ƙari, ƙurji, tarin fuka da ya ci ƙashin baya. Duk abin da likitan tiyata zai iya cirewa ko ya ɗage, hoto ne ke nuna masa.

To me ya sa bai ga na yaron nan ba? A 1959 wani likita ɗan Japan, Keizo Hirayama, da abokan aikinsa suka bayyana marasa lafiya 12 masu irin wannan hannu, kuma sunansa cutar ta ɗauka. Yawanci maza ne, tsakanin shekara 15 zuwa 25. Ramewar na kama tafin hannu da ƙasan damtse ta gefen ƙaramin yatsa, ta bar tsokar nan da ke tasowa ƙasa da gwiwar hannu ta gefen babban yatsa idan mutum ya ɗaga bokiti, sai iyakar ramewar ta zama a karkace. Ji ba ya taɓuwa. Yatsu na ɗan karkarwa in an miƙe su, kuma sanyi na ƙara kashe hannun, kamar dai labarin almakashin nan da sassafe. Takan ci gaba shekara uku zuwa biyar sannan ta tsaya da kanta. An fi ba da rahotonta daga Japan da Indiya da Sin, kuma a Indiya ne likita Gourie-Devi ta cibiyar jijiyoyi ta Bangalore ta bayyana ramewar gaɓa ɗaya, hannu ko ƙafa, a 1984. A 1987 Hirayama ya wallafa binciken lakar wani da ya rasu yana da cutar, aka ga ƙwayoyin gaban laka sun ƙare a ƙasan wuya, musamman sashe na bakwai da na takwas na lakar wuya.

Bayanin da aka fi yarda da shi game da sanadin shi ne wannan. Laka na cikin wata riga mai tauri. Lokacin da yaro ya yi saurin tsawo, ƙashi kan riga rigar girma, sai ta yi masa kaɗan. In wuya na miƙe ba a ganin komai. Da zarar ya sunkuyar da kai, bangon bayan rigar sai ya ɗaure, ya rabu da ƙashi ya matso gaba, ya matse lakar a jikin ƙasusuwan wuya na biyar zuwa na bakwai. Ƙwayoyin gaban laka su suka fi rashin jure ƙarancin jini, sai su riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan, sunkuyo bayan sunkuyo. Shi kuwa hoton MRI na yau da kullum a kwance ake ɗaukarsa, wuya a miƙe, wato a daidai yanayin da laifin ke ɓuya.

Don haka idan ana zargin wannan cuta, dole takardar ta ce a ɗauki hoto iri biyu: wuya a miƙe, da wuya a sunkuye. Ana tallafe kai da matashi har haɓa ta nufi ƙirji, a lanƙwasa kamar digiri 30 zuwa 40. A nan ne ake ganin rigar ta turo gaba, lakar ta baje, an samu wani fili mai siffar jinjirin wata a bayanta cike da jijiyoyin jini da suka kumbura. In an yi allurar gadoliniyam, wani ruwa mai ƙara fito da hoto, filin ya kan haska sosai, da an miƙar da wuya kuma ya ɓace. Ko a hoton miƙe, idon da aka gaya wa abin da zai nema yana iya tsinkayar alamu: lakar ta ɗan sirance a ƙasan wuya, gefe ɗaya ya fi ɗaya bajewa, lanƙwasar wuya ta asali ta miƙe, wani lokaci da ɗigo biyu masu haske a cikin laka kamar idon maciji. Amma likitan hoto da aka aika wa takarda mai cewa "ciwon hannu" kawai, faifan guringuntsi zai duba, ya ga lafiya, ya rubuta ba komai. Abin da ya sami maƙwabcina ke nan. Lokaci ma na da tasiri: bayan shekaru, in cutar ta tsaya, rigar kan daina turowa, sai siririyar laka kawai ta rage a hoto.

Hoto na da wani haɗari na daban da ba a cika faɗa ba, wato ya nuna abin da ba shi ne laifin ba. Mutane da yawa da suka haura shekara 40 suna yawo da faifan wuya da ya ɗan turo ba tare da wani ciwo ba. In aka ga irin wannan a hoton mai ramammen hannu, abu ne mai sauƙi a ɗora masa laifin har a kai ga maganar tiyata, alhali faifan yana wani sashe, tsokokin da suka rame kuma na wani sashen ne. Allurar EMG ce ke raba wannan gardama. Ƙarfin injin ma abin tambaya ne: mai ƙarfin tesla 1.5 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) ya fi ƙananan injuna na 0.2 ko 0.3 fitar da cikin laka sarai. Sannan maganaɗisu ba ya wasa da ƙarfe. Mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da mai harsashi ko guntun ƙarfe a jiki, da mai na'urar daidaita bugun zuciya, su faɗa tun a bakin ƙofa. Mai ciwon ƙoda kuma a duba ƙodarsa kafin a yi masa allurar gadoliniyam.

Akwai yanayin da ba na jinkirin cewa hoto ne farko, kuma da gaggawa. Idan tare da ramewar hannun ƙafafu sun fara nauyi ko sanƙarewa, ko tafiya ta canza, ko fitsari na gagarar riƙewa ko fita. Idan akwai ciwon wuya ko baya mai hana barci, da zazzaɓin dare da zubewar jiki, musamman ga wanda ya taɓa tarin fuka. Idan mutum na ƙonewa a hannu bai ji ba amma yana jin taɓawa, wanda alama ce ta ruwa a tsakiyar laka. Duk waɗannan na nuna wani abu na cin laka, kuma kowane mako da aka ɓata ana jiran layin gwajin jijiya asara ne da ba lalle a mayar ba.

Akwai kuma inda ba ɗaya daga cikin biyun ne farko ba, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Kuturta na nan ba ta ƙare ba, kuma jijiyar bayan gwiwar hannu na cikin waɗanda ta fi kamawa, ta bar tafin hannu a rame, ƙananan yatsu biyu a lanƙwashe. Bambancinta shi ne ji na mutuwa, akan sami tabo mai haske a fata da ba ya jin taɓawa, kuma in an lalubi jijiyar sama da gwiwar hannu za a ji ta yi kauri kamar igiya. Wannan da yatsun ma'aikacin lafiya ake gano shi, maganin kuma kyauta ne, na wata 6 ko 12. Haka yaron da bai kai shekara 15 ba, hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, abin yi shi ne a kai rahoto asibiti mafi kusa a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 don gwajin shan inna. An ga shan inna na asali, wanda ake kira na daji, na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agustan 2020, amma sa ido bai tsaya ba.

Idan ƙafa ce ta rame, ma'aunin ya fi karkata ga gwajin jijiya. Muna da manya da yawa da shan inna ya taɓa tun suna jarirai, wasu ma ba su sani ba, sai a girma aka lura ƙafa ɗaya ta fi siranta. Alamar tsohon abu ita ce ƙafar ta fi gajarta, tafinta ya fi ƙanƙanta, takalmi ɗaya na yin yawa. Allura za ta nuna manya-manyan bugun nan na tsohuwar ɓarna, sau da yawa har a ƙafar da ake ganin lafiyayya ce, ji kuma na nan. Ga kuma yaran da aka yi wa allura a ɗuwawu ba a daidai wuri ba ta sami babbar jijiyar ƙafa, tafin ƙafa ya riƙa faɗuwa suna jan sa. A nan amsar ji na raguwa, abin da ke raba shi da shan inna, kuma gwajin na nuna ko jijiyar ta fara farfaɗowa. Dattijo mai ciwon suga da cinyarsa ɗaya ta yi zugi mai tsanani sannan ta zube, shi ma labarinsa da gwajin jijiya ne ke kai wa ga amsa. Akwai kuma ramewar sha-raɓa ta samari da likitocin Indiya suka bayyana, wadda ba ta ciwo kuma takan tsaya da kanta. A wannan hoton ƙugu yawanci lafiya yake fitowa, amfaninsa shi ne kore wani abu, kamar lakar da ta maƙale a ƙasa tun haihuwa, wadda akan ga alamarta da ɗan rami ko tsiron gashi a gadon baya. Wani lokaci akan ɗauki hoton tsokar ƙafar kanta a ga waɗanda kitse ya maye gurbinsu, a haɗa da gwajin jini na CK, wanda ke hawa sosai in ciwon na tsoka ne.

Wanda ya faɗi a babur kafaɗa ta daki ƙasa hannu ya mutu, shi duka biyun yake bukata, amma kowanne da lokacinsa. Yayyafin nan da allura ke ji ba ya bayyana sai bayan mako biyu zuwa uku, don haka gwajin da aka yi washegarin haɗari ɓarnar kuɗi ne, a bari sai mako na uku ko na huɗu. In hannu ba ya ji sam amma injin ya sami amsar ji lafiya, alama ce saiwar ta tumɓuke daga laka, hoto kuma ya tabbatar. Kada a wuce wata uku zuwa shida ba a ga likitan tiyatar jijiya ba, don bayan nan tsoka na fara rasa ikon karɓar sabuwar jijiya.

Ga saurayi irin ɗan maƙwabcina, mai ramewa a hankali, ba ciwo, ji lafiya, ƙafafu lafiya, ra'ayina a tsaye yake: in kuɗi na abu ɗaya ne, a fara da gwajin jijiya, cikakke, da allura. Shi zai faɗa ko wuya ne za a ɗauka, ko kafaɗa, ko ba a bukatar hoton ma gaba ɗaya. In ya nuna ƙasan lakar wuya, sai a tara kuɗin hoto a yi shi sau ɗaya yadda ya dace. Kafin a biya a tambayi masu injin, "Kuna ɗaukar wuya a sunkuye?" In sun ce a'a, a nemi wani wurin. A tafi da sakamakon EMG a hannu a ba likitan hoto, kuma a karɓi faifan hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba. Gaba da duk wannan, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ke manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika, domin rabin awa da zai yi yana gwada ƙarfin kowace tsoka da ɗan gudumarsa na roba shi ke tsara duk abin da zai biyo baya. Ko an ce Hirayama ce, a riƙa komawa duk wata shida, don tsayawar ciwon a wuri ɗaya ita ce shaidar ƙarshe, kuma in ya ƙetara zuwa wani wuri sai a sake allurar.

Abin da ya sa nake matsa wa maganar lokaci shi ne tsokar da ta riga ta tafi ba kasafai take dawowa ba, amma ana iya kare wadda ta rage. Maganin farko na cutar Hirayama kwalar wuya ce mai hana sunkuyo, a sa ta shekara uku zuwa huɗu ko har ciwon ya tsaya, tare da motsa hannu a wurin masu gashin ƙashi na asibiti. Tiyata sai ga wanda nasa ke ci gaba duk da kwalar.

Yaron an sake masa hoton a sunkuye bayan uban ya sayar da tumaki biyu, kuma jinjirin watan nan ya fito ɓaro-ɓaro a bayan lakarsa. Yanzu yana sanye da kwalarsa. Maigidansa ya sa kafinta ya ƙara wa teburin keken tsawo don kada ya riƙa duƙawa, ya kuma ɗauke masa yanka ya bar masa ɗinki. Wayarsa ma yanzu ɗaga ta yake yi daidai fuskarsa. Ramin da ke kusa da babban yatsansa na nan yadda yake, amma a awon da aka yi masa na ƙarshe bai ƙaru ba, hannun hagun kuma bai taɓu ba.